Raƙumi ko Igiya

A Makka aka haife ni, a Hindawiyya, lokacin da unguwar ba ta wuce bukkoki da ɗakunan langa-langa ba. Mahaifina baduku ne daga ƙasar Kano. Da ƙafa suka taho, shi da mahaifiyata da ƙanensa, suna yada zango suna neman guzuri, har suka ƙetare teku daga Sudan. Da suka sauke farali sai ya ga alhazai ba sa rabuwa da neman gafaka da tadarishi, wato bangon fata da ake adana littafi a ciki, ya yi zamansa. Daga baya ya koyi ɗaurin littafi irin na mutanen nan a wajen wani mutumin Indiya, ya haɗa da dukancinsa, ya samu ɗan shago a wani lungu bayan masu sayar da littattafai na Babus-Salam, ɗaya daga ƙofofin Harami. Da ya rasu ni na gaji shagon da kayan aikinsa.

Abin da zan ba da labari ya faru ne 'yan shekaru bayan an gama yaƙin duniya na biyu, jiragen ruwan alhazai sun dawo zirga-zirga. Na yi aure a lokacin, har da yara. Idan aikin hajji ya ƙare baƙi suka watse, garin yakan yi tsit har ka ji kukan tantabarun Harami daga cikin shago. A irin wannan lokaci ne mutanen gari da masu zaman mujawara, wato baƙin da suka zaɓi su ƙara shekara kusa da Ɗakin Allah, suke fito da tsofaffin littattafansu a gyara musu.

Wata safiya ina yankan fata sai wani dattijo ya yi sallama. Fari ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, hannuwansa manya kamar na mai jan igiyar rijiya. Larabcinsa a karye yake. Na ɗauka Baturke ne, don haka na yi masa 'yar gaisuwar Turkancin da kowane ɗan kasuwar Makka ya iya. Ya yi murmushi ya ce ko Turkancin ma da girmansa ya koya. A wani tsibiri mai suna Kirit aka haife shi, inda Musulmi da Kirista duk Girkanci suke yi. Da aka yi musayar mutane tsakanin Turkawa da Girkawa sai aka kwashe Musulmin tsibirin aka kai su ƙasar Turkiyya, shi ma aka haɗa da shi. Yanzu ya zo hajji, ya ƙudurta zai zauna har hajji mai zuwa, yana kwana a wani rubaɗi, gidan waƙafi na baƙi.

Ya warware wani ƙyalle ya fito da ɗan littafin salatin Annabi, rubutun hannu. Ya ce na kakansa ne. Bangon ya ƙwaƙule, ƙashin bayan ya tsage, warƙoƙi suna neman zubewa.

"Ya usta," in ji shi, haka mutanen nan suke kiran mai sana'a, "zai gyaru?"

"Zai gyaru, ya ammi," na ce, yadda ake kiran dattijo a nan, "in sha Allah. Amma sai na cire tsohon bangon gaba ɗaya."

"Cire. Cikin nake so."

Sai bayan kwana biyu na samu sukunin taɓa shi. Masu ɗaurin littafi na da ba su da kwali. Sukan tara tarkacen takardun da aka daina amfani da su, su manna su ɗaya bisa ɗaya har su yi kauri, sannan su lulluɓe da fata. Shi ya sa ba na yaga tsohon bango. Nakan jiƙa tsumma in ɗora a kai, in jira mannen ya saki, in ɗaga a hankali da bakin wuƙa, don sau da yawa akwai sunan Allah a ciki. Takardun farko na wannan bangon ba su da wani abu, rubutu ne da ya goge. A ƙarƙashinsu ne wuƙata ta taɓa abin da ba takarda ba.

Ɗan baduku ba ya kasa gane fata. Na ɗaga ta ga haske, na ga ƙananan ramukan gashi a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma sumul. An kankare ta har ta yi laushi kamar ganye, irin aikin da ban taɓa ganin an yi wa fata ba. Warƙoƙi uku ne, ɗaya an yanke ƙasanta don ta yi daidai da bangon. An huda gefensu da tsinin allura, an ja layuka da wani abu marar tawada, rubutun kuma yana rataye a jikin layukan. Tawadar ta koma ruwan ƙasa, sai manyan baƙaƙe jajaye jefi-jefi a bakin layi. Na lura layukan sun daidaita a hagu, a dama kuma wani ya fi wani tsawo, sai na gane daga hagu ake fara shi. Ban san ko harafi ɗaya ba. Na shanya su a tsakanin tsummoki, na danne da katako.

Da dattijon ya dawo duba aikinsa, na nuna masa ba tare da na sa komai a raina ba. Ya laluba aljihu ya sa tabarau, ya matsa bakin ƙofa inda haske ya fi. Ya daɗe yana kallo, leɓɓansa suna motsi. Can sai na ji ya fara karantawa a hankali, kalma ɗaya, shiru, wata kalmar, da wani irin sauti mai yawan "s" da ban taɓa ji ba. Bai kai ƙarshen layi na biyu ba ya tsaya. Ya zauna a kan dandamalin shagon, ya cire tabarau, ya riƙe warƙar a cinyarsa.

"Lafiya, ya ammi?"

"Girkanci ne," ya ce. "Na da, irin na littafi. Ya usta, wannan Linjila ce. Harshen uwata ne."

Ba zan ɓoye ba, abin da na fara yi shi ne na dubi lungun hagu da dama. Maƙwabcina mai sayar da littattafai, mutumin Hadramaut, ya ji maganar, ya leƙo. Mutumin kirki ne, kuma bai ɗaga murya ba. Ya ce mu rufe abin nan, don idan masu sintirin hana mummuna suka wuce suka ga rubutun Nasara taku kaɗan daga ƙofar Harami, ba za su tsaya jin yadda aka yi ya zo ba. Ya ba da shawara a ƙona shi a huta. Dattijon ya ƙara danne warƙar da tafin hannunsa. Na ce su ba ni zuwa gobe in tambayi Baffa.

Baffa shi ne ƙanen mahaifina da suka taho tare. Shi bai bi dukanci ba, karatu ya bi, yana koyar da manya fiƙihu da tafsiri a zauren gidanmu. Na same shi bayan la'asar na ajiye warƙoƙin a gabansa. Ya juya su, ya shinshina, ya ce wanda ya jeme fatar nan ya san aikinsa. Sannan ya tambaye ni ko an ambaci Allah a ciki. Na ce mai littafin ya ce an ambata.

"To ba ta zuwa juji," in ji Baffa. "Kuma ba taka ba ce balle ka ƙona. Amanar mutum ce ta faɗo hannunka. Ni ban san abin da ke ciki ba, ba ni da bakin cewa wannan layin gaskiya ne wancan ƙarya ne. Ka ce masa ya riƙa zuwa nan gida ya karanta abinsa. Shago ba wurinta ba ne, rubaɗi kuma ɗaki ɗaya mutum nawa."

Haka dattijon ya fara zuwa Hindawiyya. Nakan rufe shago bayan la'asar mu taho tare, yana tafiya yana hutawa, yara suna binsa da kallo don ba a saba ganin farin baƙo a lungunanmu ba. Mukan shimfiɗa tabarma a inuwar katanga. Mahaifiyata, da muke kira Inna, ta tsufa a lokacin, ta wuce ɓuya daga baƙo. Takan ja mayafinta ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗar da matata take soyawa ta sayarwa. Duk daɗewarta a Makka Larabcinta bai wuce na ciniki da na salla ba. Ranar farko da na gaya mata abin da ya faru a shago, cewa ta yi, "Mutum ya ji maganar uwarsa bayan shekaru ai dole ya zauna a ƙasa. A dama masa kunu."

Karatun bai zo masa da sauƙi ba. Ya ce rubutun ba irin na ɗab'i ba ne. Baƙaƙen a sarƙe suke da juna, wasu kalmomin an taƙaita su an ja musu layi a ka. Ya taɓa ganin irinsa tun yana yaro, a wani gidan masu ibadar Kirista da ke kan dutse a tsibirinsu, inda aka ce masa littattafan sun girmi cin Santambul da Turkawa suka yi. Wata rana layi uku kawai zai warware, ya fassara mana da karyayyen Larabcinsa, ni kuma in mayar wa Inna da Hausa. A hankali muka ji yadda aka yi ya iya. Mahaifinsa Musulmi ne mai ƙaramin jirgin ruwa, yana dakon man zaitun da sabulu. Mahaifiyarsa Kirista ce, kuma ba a tilasta mata barin addininta ba. Shi ya tashi a addinin ubansa, amma a cinyarta ya koyi baƙaƙe, daga ɗan littafinta na Linjila da take karantawa a bayyane idan ta gama aikin gida. Daga baya ya yi makarantar garin, inda ake koya wa yara Girkancin da.

Warƙoƙi biyu daga cikin ukun a jere suke, labari ɗaya suke ɗauke da shi. Wani saurayi mai dukiya ne ya zo wajen Annabi Isa, alaihis salam, ya tambaye shi abin da zai yi ya tsira. Aka lissafa masa dokoki, ya ce duk yana kiyayewa. Aka ce to ya rabar da abin da ya mallaka ga matalauta ya biyo. Saurayin ya juya ya tafi ransa a ɓace.

A tsakiyar labarin dattijon ya tsaya yana ɓata fuska. Ya ce maganar ta yi tsalle, akwai abin da ya sani a nan amma babu shi. Ya bi gefen warƙar da yatsa, sai ga shi an rubuta da ƙananan baƙaƙe, da tawadar da ta fi ta cikin duhu, da wata 'yar alama da ke nuna inda ya kamata ya shiga. Da ya duba sosai sai ya gane dalili. Layuka biyu ne suka ƙare da kalma iri ɗaya, idon mai kwafa ya ɗauke daga ta farko ya sauka a ta biyu, ya tsallake abin da ke tsakani. Wani daban ne, mai yiwuwa bayan shekaru, ya gani ya cike.

Baffa ya yi dariya har da tafa cinya. Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da wani littafin fiƙihu da ya kwafa da hannunsa tun yana saurayi a Kano. Ya buɗe wani shafi ya nuna wa baƙon: ga layin da ya tsallake, ga shi malaminsa ya rubuta a gefe, ya sa masa "sahha" a ƙarshe, wato an gyara.

"Dubi nan, ya hajji," in ji Baffa. "Cuta ɗaya ce. Mai kwafan naku ma yunwa yake ji lokacin da yake rubutu, ko kuwa rana ta kusa faɗuwa yana sauri."

Daga ranar suka saba. Baffa yakan sallami ɗalibansa da wuri idan ya ji sallamarmu.

Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci kalma ɗaya ce, a ƙasan warƙa ta biyu. Bayan saurayin ya tafi, sai aka ce shigar mai dukiya Aljanna ta fi wuya a kan raƙumi ya wuce ta kafar allura. Haka dattijon ya san maganar tun yana yaro. Amma ya daɗe yana kallon kalmar raƙumin, yana karkata fatar ga rana. Ya miƙo mini ya ce in duba da idon mai fata. Na duba. A tsakiyar kalmar an kankare wuri kaɗan, fatar ta yi gashi-gashi, an rubuta harafi a kan kankarar. Amma wanda ya kankare bai zurfafa ba, inuwar harafin farko tana nan, siriri, tsaye kamar alif.

Ya ce to ga abin da ya faru. Harafin farko da na biyun sautinsu ɗaya ne a bakin Bagirke, ba mai iya bambance su da kunne. Da harafin da aka ɗora daga baya, kalmar raƙumi ce. Da na farkon kuwa, wata kalma ce da shi kansa bai sani ba. Sai da ya kwashe yammaci guda a kan wani ɗan rubutu da ke gefe, wanda manne ya cinye rabinsa, sannan ya warware shi. Mai sharhin cewa ya yi wasu sun ce ba dabbar ake nufi ba, igiya ce mai kauri da ake ɗaure jirgin ruwa da ita.

Dattijon ya ajiye tabarau ya dubi hannuwansa. Ya ce shi da ya tashi yana jan irin wannan igiya a jirgin ubansa har tafinsa ya yi kanta, bai taɓa sanin tana iya kasancewa a cikin maganar ba. Uwarsa tana karantawa, shi yana hango raƙumi, dabbar da bai ma san ta sosai ba sai da aka kai su Turkiyya.

"Ita kuma me take hangowa?" na tambaye shi.

"Ban sani ba. Ban taɓa tambayarta ba. Littafinta na ɗab'i ne, raƙumi zai ce. Amma matar mai jirgi ce."

Na mayar wa Inna duka. Ta ajiye gyaɗar hannunta ta ce, "Igiya ce mana. Wa zai kawo raƙumi wajen allura? Igiya kuwa yayar zare ce."

Baffa ya ce a'a, raƙumi ne, don ana so a nuna abin da ba zai taɓa yiwuwa ba, kuma wanda ya kankare ya san abin da yake yi, ya ga sauran littattafai sun saɓa wa wannan.

"Malam," in ji Inna, haka take kiransa duk da ta girme shi, "igiya idan aka zauna aka warware ta sili-sili, ai za ta wuce. Ba abin da aka ce wa yaron ya yi ke nan ba? An ce ya warware dukiyarsa, ya ƙi."

"Yaya, ke dai kina so a bar wa attajirai ƙofa."

"Ni ina na ga attajiri? Tausayin yaron nake ji. An ce ya tafi ransa a ɓace, ka ga ke nan yana so."

Na fassara wa dattijon, ya yi dariya har da tari. Ya ce a gaya wa hajiya ya karɓi nata, amma kada a gaya wa malam.

Washegari Baffa ya fito da wani babban tafsiri, ya riga ya sa tsinke a shafin. Ya ce jiya bai so ya yi magana da ka ba sai ya duba. Mu ma a wurinmu akwai ayar da ta ambaci raƙumi da kafar allura, ko da yake ba a kan masu dukiya take magana ba, a kan masu ƙaryatawa ne da girman kai. Ya nuna wa baƙon kalmar, baƙaƙe uku: jim, mim, lam. Ya ce malaman tafsiri sun kawo cewa akwai magabatan da aka ruwaito sun karanta ta da wasu wasula daban, kuma da waɗannan wasulan ma'anarta igiyar jirgi ce mai kauri. Ba a salla da wannan karatun, in ji shi, amma ba a ɓoye shi ba, ga shi a rubuce.

Dattijon ya karɓi littafin ya kai kusa da idonsa.

"Kada ka haɗa su, ya hajji," in ji Baffa a hankali. "Namu daga baki zuwa baki ya zo, kowane karatu an san wanda ya karɓa daga wa. Ni da na zo garin nan ina karatun Alƙur'ani irin na gida, wani saurayi ya taɓa tsayar da ni a Harami zai gyara mini, sai da wani tsoho mutumin Magrib ya ce masa ya zauna, riwaya ce. Naku kuwa ban san yadda ya zo ba. Amma abin mamaki ne, ba zan ce ba abin mamaki ba ne. Harshe biyu da ba su haɗa komai ba, a ce raƙumi da igiya suna maƙwabtaka a duka biyun."

"Allah ne masani," in ji dattijon.

"Shi ne."

Warƙa ta uku, wadda aka yanke, ba ta ba da wani abu mai yawa ba. Daga wani wuri daban take, kuma manne ya ci fuskarta. Amma a ranar da ya gama da ita ne ya ba mu labarin rasuwar mahaifiyarsa. Ta rasu kafin a tashe su. 'Yan'uwanta ne suka yi mata sutura irin tasu, shi da ƙannensa suka tsaya a wajen katangar maƙabartar har aka gama. Da za su bar tsibirin an hana su ɗaukar kaya da yawa, ya bar ɗan littafinta a hannun wata ƙanwarta, ya ɗauki na kakansa. Bai san cewa a cikin bangon yana ɗauke da maganar da take karanta masa ba.

Ya juya ga Baffa. "Ya shaikh, ina da laifi? Na zo Ɗakin Allah da tsufana, ga ni ina kuka a kan Linjila."

Baffa ya murza carbinsa.

"Ba a kan Linjila kake kuka ba," ya ce. "Hukuncin mahaifiyarka yana hannun Wanda ya halicce ta, ba nawa ba ne, ba naka ba ne. Kewar uwa kuwa ban taɓa karanta inda aka hana ba."

Inna ba ta jira fassara ba a wannan karon. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ɗan ƙullin dabino ta ajiye a gefen tabarmarsa.

Na gama masa littafin kakansa da jar fatar akuya da alhazan Sakkwato suke kawo mana. Na tambaye shi ko in mayar da warƙoƙin inda suka fito. Ya ce a'a, sun sha manne ya isa. Sai na yi musu ɗan tadarishi nasu daban, marar ado, na sa farar takarda tsakanin kowace warƙa da 'yar'uwarta. Ya bar shi a gidanmu, a cikin akwatin littattafan Baffa, har ƙarshen zamansa.

Bai daina zuwa ba bayan an gama karatun. Ya koyi cin tuwo da hannu, ko da yake miyar kuka ta gagare shi. Ya koya wa matata yadda ake jiƙa zaitun ya bar ɗaci, ya koya wa ɗana ƙulli iri-iri na masu jirgi. Da zafi ya tsananta ya kwanta ciwo a rubaɗi, muka riƙa kai masa kunu da safe ni da Baffa, muna tsoron a nan za a binne shi. Shi ma ya ce da haka ta faru da bai yi baƙin ciki ba. Amma ya tashi, ya sake yin hajji tare da mu, yana dogara sanda.

Ana gobe zai tafi ya zo sallama. Baffa ya fito masa da tadarishin. Ya ce bai yanke shawarar abin da zai yi da shi ba. Jirginsu zai tsaya a Masar, inda akwai Girkawa da yawa da wuraren ibadarsu, yana tunanin ya miƙa wa wani daga cikinsu, don masu abu su ne suka san darajarsa, wataƙila ma su san daga wane littafi aka yage shi. Wani tunanin kuma yana ce masa ya kai gida ya nuna wa 'yarsa, wadda ta iya Girkanci a baki amma ba ta taɓa ganinsa a rubuce ba. Ya tambayi Baffa wanne ya fi. Baffa ya ce duka biyun babu laifi, ya bari sai ya ga teku.

Da safe na raka shi Jarwal inda manyan motocin Jidda suke lodi. An ɗora shi a baya tare da wasu alhazan Turkiyya, a kan tulin kaya. Ya sa ƙullinsa a cinya, ya miƙo hannu na kama. Ya yi mini godiya da Larabci, sannan ya ce "sai wata rana" da Hausa, yadda Inna ta koya masa, har alhazan da ke gefensa suka juyo suna kallonsa. Direba ya buga ƙofa, motar ta tashi.

Ban sake jin labarinsa ba, kuma ban san wanne ya zaɓa ba. Na tsaya a wajen mai ful, wato dafaffen wake, na karya kumallo, na sayi burodi mai zafi na gida, sannan na gangara Babus-Salam na buɗe shago.